Kamfani Marar Suna

Da ƙarfe shida da rabi, an kashe injinan gwangwani,
ƙarnin kifi na nan maƙale a labulen ofis,
Baltazar ya leƙo da rigar ruwa a hannu:
"Ki sa tallar yau, Graciete. Kada ki sa sunanmu."

Na sa.
Akwai ɗan akwati a ƙasan fom, a dandalin masu neman aiki,
ka danna shi, tambarin kamfani ya ɓace.
Shuɗin kifin da ke jikin motocinmu tun zamanin kakansa
ya koma farin fili, kamar fuskar da aka rufe da tafi.
Na rubuta: wani kamfanin abinci a arewacin ƙasar
yana neman mai kula da sito,
mai jini a jika, wanda ya iya sabuwar manhaja.
Ban rubuta cewa kujerar na nan da ɗuminta ba,
ban ce mai ita ya wanke kofinsa ya kife
don gobe ba.

Amílcar ke nan.
Shekara ashirin da biyu yana ƙirga kwali a Matosinhos.
Ya san motar da ke zuwa a makare daga Vigo,
ya san direban da ba ya shan sukari.
Shi ya kai ni asibiti ranar da ƙofar sito ta datse mini yatsa,
yana tuƙi yana ba ni labarin tumatirin barandarsa
don kada in kalli jinin.

Kwana uku takardu na zuba kamar ruwan Nuwamba.
Yara daga Braga, daga Aveiro, haƙora fes a hoto,
kowa ya iya komai, babu wanda ya taɓa kuskure.
Da safe in ware su a jirgin ƙasa,
da rana mu zauna tebur ɗaya da shi,
ya gutsura burodi ya miƙo mini rabi,
in karɓa, in tauna, in haɗiye da ƙaya.

Ranar Alhamis ta arba'in da bakwai ta shigo.
Babu hoto. Suna kuwa a cike, har da na uwa.

"Ban san ko ku su wane ne ba,
amma aikin da kuka zayyana na san shi kamar yunwar cikina.
Inda nake, na ga an fara auna kujerata da ido.
Don Allah kada ku tuntuɓe su, mutanen kirki ne,
kuma akwai wata a cikinsu da abin zai yi wa ciwo.
Manhajar ina koyonta da dare, 'yata ke nuna mini,
hannuna bai faɗa ba tukuna.
Amma a shekara ashirin da biyu, kwali tara suka ɓace mini,
bakwai na gano su."

Na karanta sau uku.
Ya sani ne? Bai sani ba?
Ko wasiƙar nan da ma ni aka rubuta wa,
aka bi da ita ta doguwar hanya
don kada mu haɗa ido?

Ta gilashi ina hango shi can ƙasa,
fensir a bayan kunne, leɓɓansa na motsi, yana ƙirga.
Shamuwar teku ta sauka a bakin ƙofa, ya kore ta da takarda.
Ya ɗago. Ya ɗaga mini hannu kamar kullum.
Kamar kullum ɗin ne ya fi ƙona ni.

Na buga takardar, injin ya yi tari ya tofo ta da ɗumi.
Na ɗora ta a saman sauran, a teburin Baltazar,
na manna 'yar rawayar takarda:
wannan ya fi kowa cancanta, a kira shi.
Na tsaya da biro a sama, na daɗe.
Ruwa na dukan kwano.
Sannan na rubuta sunana a ƙasa, duka,
da manyan baƙaƙe,
tabon yatsan nan yana danne biron.

Tallar kuwa tana can, babu fuska,
saura mata kwana ashirin da shida.